Haƙa tafki a cikin fadama: amsoshin wasiƙunku

Wani manomi daga wajen Guri a Jigawa ya rubuto cewa yana da fadama ta gado, ruwa na kwanciya a cikinta tun daga Agusta, amma doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacalla ta cinye ta. Yana so ya kawo motar haƙa ta buɗe masa tafki don ya sami kifi, tsuntsayen ruwa kuma su dawo. Tambayarsa: zurfi nawa, kuma yaushe?

Alhaji, kada ka biya kuɗin mota tukuna. Sa yara su haƙa ramin gwaji uku ko huɗu, kowanne mita 2, ka ga abin da ke ƙasa. Yumɓu ne ke riƙe ruwan fadama. In ka fasa shi ka kai ga rairayi, ruwan zai riƙa zurarewa, ka rasa tafkin ka rasa fadamar. Jiƙa ƙasar da aka fito da ita ka murza ta kamar igiya. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, yumɓu ne mai kyau. A bar aƙalla santimita 30 nasa a gindin tafkin.

A yi aikin a Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, don mota ba ta shiga laka ta fito da arha. Tsakiya ya kai mita 2 in yumɓun ya ba da dama, saboda da bazara rana da iska na shanye kusan santimita 1 a kullum. Gefe kuwa kada a yanke shi tsaye, rugujewa zai yi, kuma tarko ne ga yara da awaki. Duk mita 3 da aka matsa ciki a sauka mita 1. Ta ɓangare ɗaya a bar ruwa maras zurfi, iya ƙwauri, nan ne zalɓe da kirinjijiya da dinya ke kiwo. Kada kuma a haƙe fadamar duka. Kashi ɗaya cikin uku ya isa.

Ƙasar da za a kwaso ta fi yadda ake zato. Tafki mai mita 20 a faɗi, 30 a tsawo, da matsakaicin zurfin mita ɗaya da rabi, ƙasarsa ta kai tifa 90 in kowace na ɗaukar kubik mita 10. A kai ta tudu. Wanda ya jibge ta a baki, damina ɗaya za ta mayar masa da rabinta ciki, in kuma ta tare hanyar ruwa sai shari'a da maƙwabta. Shi ya sa za ka fara sanar da mai unguwa da masu gonakin da ke ƙasa da kai.

Yanzu ita kacallar. Ba banza ta mamaye yankin Haɗeja da Nguru ba. Da, fadama na cika da damina ta bushe ƙaƙas da rani, bushewar kuwa ita ke hana ta yaɗuwa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa maras zurfi ya riƙa kwanciya a wasu wurare shekara guda cur, abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cinye gero da shinkafa. Saiwarta na shaƙar iska ne ta cikin ganye da kara, har da busasshen karan da ke tsaye bisa ruwa. Don haka ƙona ta da rani aikin banza ne, toka ma taki ce gare ta. A sare ta da lauje kamar taƙi guda ƙarƙashin ruwa, a kwashe abin da aka sare a kai tudu. In ta sake leƙowa a sake sarewa, sau biyu ko uku a jere, saiwar za ta ruɓe. Ruwan da ya wuce mita ɗaya da rabi kuma ba ta iya zama a cikinsa, dalilin zurfafa tsakiya ke nan. A kaɗe ƙasar da ke ɗauke da saiwa a baza ta a rana, kada a cike wani kwari da ita, in an yi haka dasa kacallar aka yi.

Wani daga Gashuwa ya tambayi lita nawa na maganin kashe ciyawa zai fesa. Malam, an sha amsa wannan. Maganin na da tsada, yana cutar da kifi da kwaɗi, ciyawar da ta mutu ta ruɓe a ruwa ta shaƙe kifin da ya rage, baɗi kuma iri ya sake tsirowa. Kuɗin jarka ɗaya gara a ba masu lauje.

Hajiya daga Kazaure na tsoron sauro. Zuba karfasa da tarwaɗa kaɗan, suna cin 'ya'yan sauro. Abin da ya fi sauro haɗari shi ne tsargiya, wadda ƙananan katantanwa ke ɗauka, saboda haka a hana yara wanka da fitsari a ciki.

Mai tambayar ko ya dasa bado: in akwai shi a fadamun kusa, da kansa zai zo. Kainuwa ce dai za a riƙa tsamewa tun tana kaɗan.