Wane bugun littafin kiɗan William Byrd ya kamata mai piyano ya nema?

Tambaya: Malam, ina koyon piyano, na sauko da tsohon bugun Fitzwilliam Virginal Book (tarin kaɗe-kaɗen virginal, tsohon kayan kiɗa mai maɓallai irin na piyano) daga intanet don kiɗan William Byrd, mai tsara kiɗa na Ingila na da. Amma wasu wurare hannun hagu ba ya kaiwa, kuma abin da nake ji a faifai ya sha bamban da na takarda. Bugun ne ba shi da kyau?

Amsa: Wanda ka sauko da shi kusan tabbas bugun editoci Fuller Maitland da Barclay Squire ne, wanda Breitkopf & Härtel suka kammala a 1899, Dover kuma suka sake bugawa a 1963. Ya isa a fara koyo da shi, amma akwai kurakurai a ciki, shi ya sa Dover suka fitar da gyararre daga baya. In Byrd kaɗai kake so, nemi juzu'i na 27 da na 28 na jerin littattafan kiɗa na Musica Britannica, aikin Alan Brown. In kuwa littafin Fitzwilliam gaba ɗaya ne, mai kaɗe-kaɗe kusan 300, akwai sabon bugun Lyrebird Music na 2020.

Batun hannun hagu ba laifin edita ba ne. Kayan kiɗan wancan zamani da yawa suna da abin da ake kira gajeren oktaf (oktaf shi ne tazarar nota takwas): maɓallin ƙarshe na ƙasa da ido ke gani E, sautin C yake bayarwa, F# na ƙasa ya ba da D, G# kuma E. Ke nan tazarar D zuwa F# na sama, wadda a piyano take nota goma, a wurinsu buɗe hannu ne na oktaf ɗaya kawai. Za ka fi cin karo da wannan a kiɗan Peter Philips, wani mai tsara kiɗa na zamanin Byrd. Ka miƙa wa hannun dama notar sama, ko ka kaɗa su bi da bi daga ƙasa. Ɗaga notar ƙasa da oktaf guda sai in babu wata dabara, domin yana rage wa kiɗan nauyi.

Bambancin da kake ji a faifai yawanci daga alamomin ɗaga sauti da sauke shi ne. Marubutan wancan zamani ba su bi ƙa'idarmu ta cewa alama ɗaya tana aiki har ƙarshen awo (notocin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye) ba, wani wurin ma sun bar wa makaɗi ya gane da kansa. Edita na gari yana sa tasa alamar a saman nota ko da ƙananan baƙi, don ka rarrabe ta da ta asali. Bugun da ya cakuɗa su ba tare da bayani ba, ka bar wa mai shi kayansa, komai kyan bangonsa.

Sai adon kiɗa. A rubutun hannu, sanda ɗaya ko biyu ake giciyawa a jikin nota, kuma babu jadawalin zamanin Byrd da ya fayyace ma'anarsu. Akasari ana kaɗa sanda biyu a matsayin gajeriyar karkarwa. Sanda ɗaya kuwa har yau masana ba su daidaita a kanta ba. A piyano ka rage su, don sautinsa ya fi na virginal kauri.

Kafin ka biya kuɗi, buɗe shafin farko na kowane kiɗa ka ga ko an nuna asalin tsawon notoci, saboda wasu editoci suna raba shi biyu, sannan ka duba ko akwai bayanin gyare-gyare a ƙarshen littafi.