Tambayoyinku: Ina jin nauyin shiga gidan baje kolin zane-zane

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni 'yar Gusau ce, hidimar ƙasa ta kawo ni Legas, ina zaune a Yaba. Wata abokiyar aikina ta matsa min sai mun je wani gidan baje kolin zane-zanen zamani a unguwar Sabo, wai za a buɗe sabon nuni, kuma suna da ɗakin karatu. Ni kuwa ko layi ban iya ja a miƙe ba, alawus ɗina ma ba ya kai ni ƙarshen wata. Tsorona kada in shiga a ce sai na saya, ko a tambaye ni ma'anar abin da ban gane ba.

AMSA: Ƙanwata, ɗauki mayafinki ki bi ta. Ba mai tare ki a ƙofa ya ce fito da kuɗi.

Bisa kwatancenki, wurin nan shi ne cibiyar fasahar zamani ta CCA (Centre for Contemporary Art) da ke titin McEwen, wadda marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007. Ba shago ba ne. Akwai gidajen da cinikin zane ne sana'arsu, irin su gidan Nike da ke Lekki, kuma ko a can kallo ba ya wajabta saye. In kin ga ɗan jan ɗigo manne kusa da zane, an riga an saye shi ke nan, ba wani sirri. Ita Bisi koyarwa ta sa a gaba har ta rasu a 2019, shi ya sa ta tara littattafai sama da 7,000 a kan fasaha, tun lokacin da ɗalibin zane a Najeriya kan sha wuya kafin ya ga littafi ɗaya mai kyawun hotuna. A 2010 kuma ta fara shirin Asiko, makarantar da ke yawo ƙasa-ƙasa tana horar da matasan masu fasaha na Afirka.

Ranar buɗe nuni dai biki ce: cunkoso, surutu, kowa na ɗaukar hoto. Za a zagayo da abin sha, ki tambaya kafin ki karɓa, don sau da yawa har da giya a tiren. Ki ce lemo ko ruwa, ba wanda zai kalle ki sau biyu. Amma in kallo kike so na gaske, ki koma ranar aiki da rana, lokacin da daga ke sai mai gadi.

Batun rashin ganewa kuwa, bari in ba ki nawa labarin. Farkon ganina da aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka tun 1975, daga nesa na ɗauka wani ƙaton zani ne na alfarma aka rataye, sai walƙiya yake. Da na matsa, ashe murafun kwalaben barasa ne, dubbai, an daddaƙe su an ɗinke da siririyar wayar tagulla. Na yi tsaye kamar an dasa ni. Ban san sunan salon ba, amma na san bola, na san aikin hannu mai cinye watanni, don kakata saƙa take yi. Da wannan ɗan sanin na fara. Ke ma ki karanta 'yar takardar da ke gefen kowane aiki: sunan mai shi, shekara, da abin da aka yi shi da shi. Wannan layi na uku shi ya fi buɗe min ido. In abu ya shige miki duhu, nemi mai tsara nunin ki tambaye shi, aikinsa ke nan, kuma yawancinsu kamar jira suke a taɓo su. Kada dai ki taɓa aikin da hannu, kuma ki nemi izini kafin ki ɗaga waya.

In kuma aka gayyace ki zaman karatu a ɗakin karatun, wannan ya fi duka sauƙi. Galibi akan turo 'yan shafuka kafin ranar, a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Turancin masana fasaha yana da kauri, ni ma nakan maimaita sakin layi sau uku, wani lokaci in gano marubucin ne bai san inda ya dosa ba. Ba dole ki yi magana a zuwan farko ba. Ki duba shafinsu na intanet kafin ki fita, saboda irin waɗannan wurare kan rufe ɗakin nuni idan ana sauke wani aiki ana rataya wani.

TAMBAYA: Hajiya, ni malamin firamare ne a Samaru. Ya dace in kai 'yan aji shida irin wannan wuri, ko sun yi ƙanƙanta?

AMSA: Malam, kana zaune a bakin rijiya kana tambayar ruwa. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana bayan gidanka, a Zariya, garin da masu zane su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta ɗalibai a 1958. Ka rubuta wa shugaban sashen takarda, ka nemi ranar da ɗaliban ajin ƙarshe ke baje ayyukansu. Yaran kuwa ba su yi ƙanƙanta ba: a Tamale ta Ghana, Ibrahim Mahama, mai ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi yana lulluɓe gine-gine da su, tsofaffin jiragen sama ya sayo ya mayar da su azuzuwan yara. Ka raba 'yan ajinka goma-goma, kowa da fensir da takarda, ka sanar da iyaye tun da wuri cewa akwai mutum-mutumi a harabar, kuma a tabbatar sun karya kumallo kafin a fita.