Kashi 4 ɗin nan da kake tambaya, awon aka canja

Ɗan'uwa wlh tambayarka ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, wai ta yaya za a ce marasa aikin yi a Najeriya kashi 4 ne cikin 100 alhali kai da abokanka kun gama bautar ƙasa kuna zaune a majalisa tun safe. Ba ƙarya aka shirga ba, awon aka canja. A lissafin ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3, lokacin sai kana yin awa 20 a sati kafin a cire ka daga sahun marasa aiki. A Agustan 2023 suka fito da lissafi a kan tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ko awa ɗaya ka yi cikin kwana bakwai ka samu wani abu to kai mai aiki ne, sai ga shi ya dawo 4.1.

Ni kaina a lissafin nan mai aiki ne, kuma abin na min ciwo. Da a wani kamfanin roba nake a Sharaɗa, dala ta tashi, kuɗin dizal ya fi ƙarfinsu, aka ce za a rage ma'aikata. Ragewar ba ita ta dame ni ba, kowa na ganin halin da ake ciki. Manajanmu ne, mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi, ya kira mu ofis yana murmushi ya ce mu sa hannu a takarda za a turo haƙƙinmu ƙarshen wata, muka sa da zuciya ɗaya, daga nan ya daina ɗaga waya, na je bakin get maigadin da muke cin abinci kwano ɗaya ya sunkuyar da kai ya ce an hana shi barina in shiga, ga iyalina da tsohon ciki, ga mai gida na neman kuɗin haya. Har yau in na tuna tsayuwar nan a rana sai ƙirjina ya yi nauyi, na bar shi da Allah amma ban yafe ba. Yanzu teburin POS na wani nake zama, wata rana ko kuɗin adaidaita ba ya fita.

Dan Allah kar ka sa hannu a kowace takarda sai ka karanta ka ɗauki hotonta a waya.

Wani abin kuma, wanda ya gaji ya daina neman aiki ba a ma ƙirga shi cikin marasa aiki, an fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya, shi yasa lambar kan yi ƙasa alhali talauci na ƙaruwa. Talaka ba shi da halin zama haka kawai, dole ya yi dako ko ya sayar da data. In za ka duba rahoton ka nemi adadin masu aikin da ba albashi tsayayye ba fansho, hukumar da kanta ta ce sun haura kashi 90.

Kuma kar ka yarda wani kawu ya ɗauko kashi 4 ya ce lalaci ne ke damunka, ni an faɗa min haka a gaban ƙannena. Masu cewa ka kawo kuɗi su samo maka ofa ma ka guje su, wani maƙocinmu gona ya sayar ya ba su, takardar bogi suka miƙo masa. Me ka karanta ne? Faɗa mana a nan, ƙila wani ya san inda ake nema.