Tambaya da Amsa: Kwana uku a Cotswolds, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Shekararmu biyu kenan a Landan, maigidana yana karatu, yaranmu biyu, babba shekara bakwai ƙaramin uku, kuma wallahi tun da muka zo ba mu taɓa fita daga cikin gari ba, daga gida sai makaranta sai kanti. Yanzu ya samu hutun kwana uku, maƙwabciyata ta nuna min hotunan wani yanki wai shi Cotswolds, gidajen dutse ga ruwa yana bi ta tsakiyar ƙauye, har na rubuta sunayen ƙauyuka tara da nake so mu gani. Ba mu da mota. Zai yiwu kuwa? Kuma ya batun abinci da sallah?
Daga wata uwa a Landan

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Zai yiwu sosai ma, kuma naji daɗi da kika yi wannan tunanin don yaran nan suna buƙatar su ga fili su yi gudu ba tare da ana ce musu kul mota ba. Amma ba da ƙauyuka tara ba. Ki ɗauki biro ki soke shida, inda hali ma bakwai.

Dalilina kuwa, Cotswolds ba gari ɗaya ba ne, yanki ne guda mai faɗin murabba'in mil kusan 790, tun 1966 gwamnati ta sa shi cikin wuraren da ake karewa saboda kyawunsu, ya ratsa Gloucestershire da Oxfordshire da Warwickshire da Worcestershire da Wiltshire har zuwa kusa da Bath. A taswira ƙauyukan kamar suna manne da juna, amma bas ɗin karkara ba irin na Landan ba ne da in ɗaya ya wuce ki wani na bayansa, a can sai ki yi awa guda kina jira, da yamma su ɗauke ƙafa da wuri, ranar Lahadi kuma wasu hanyoyin babu gaba ɗaya. In kika ce sai kin ga tara to a tasha za ki ƙare hutunki da yaro yana kuka.

Ga yadda zan yi in ni ce. Ku hau jirgin ƙasa a tashar Paddington ta Landan zuwa garin Moreton-in-Marsh, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce ba canji. Kafin nan ku yanki katin rangwame na Family & Friends Railcard, manya ana rage musu kashi ɗaya cikin uku, yara masu shekara 5 zuwa 15 kashi 60 cikin 100, ƙaramin naki kuma da bai kai biyar ba kyauta ne, sai dai ku guji lokacin cunkoson safe kuma ku sayi tikiti da wuri don ya fi araha. Daga Moreton akwai bas mai lamba 801 da ke bi ta Stow-on-the-Wold ya sauke ku Bourton-on-the-Water. Nan nake so ku sauka ku yi kwanakin duka, jaka a ajiye wuri ɗaya.

Za ki ji mutane suna cewa Bourton ya cika cunkoso, gaskiyarsu ce, daga misalin ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna juye mutane har wurin tsayawa yana wuya. Amma wanda ya kwana a garin shi ne yake ganin abin da su ba sa gani. Ki tashi bayan asuba ki fito bakin kogin Windrush, ruwan ba shi da zurfi iyakarsa ƙwauri, garau kina hango tsakuwar ƙasa, ƙananan gadojin dutse guda biyar sun ɗora a kansa, ba kowa sai agwagi da mai share gaban shagonsa, rana tana fitowa ta bugi bangon gidajen sai ki ga dutsen ya koma kalar zuma. Ni wannan rabin awar ce take mayar da ni wurin. Dutsen a nan yankin ake haƙo shi, kuɗin ginin kuma daga ulun tumaki ya fito, don a ɗaruruwan shekarun baya ulun Cotswolds har ƙasashen Turai ake kai shi, 'yan kasuwarsa suka yi arziki suka gina manyan gidaje da coci-coci. Da masaƙu suka koma arewacin Ingila zamanin injina sai kasuwar ta mutu, aka rasa kuɗin rushewa a sake sabon gini, shi ya sa ƙauyukan suka tsaya yadda suke har yau.

Rana ta farko ki bar wa yara. Akwai Model Village, an gina Bourton ɗin kanta ƙarama da dutse, kowane gida kashi ɗaya cikin tara na girman na gaske, tun 1937 aka buɗe shi, yaro zai tsaya ya ga ya fi rufin gida tsawo. Akwai kuma Birdland mai tsuntsaye har da fengwin, tsuntsun ruwan nan da ba ya tashi sama. Ki saka musu kayan canji a jaka don sai sun shiga ruwan nan, ba makawa.

Rana ta biyu ku taka da ƙafa zuwa Lower Slaughter, kamar mil ɗaya da rabi ne. Kar sunan ya ba ki tsoro, ba yanka ake nufi ba, tsohuwar kalma ce ta Turanci mai nufin wuri mai laka. Za ku tsallaka babban titin Fosse Way wanda asalinsa Rumawa ne suka shata shi, a nan ki riƙe hannun yara gam, daga nan sai gonaki har ku iso wani ƙaramin rafi da tsohon gidan niƙa mai dogon bututun jan bulo. In da sauran ƙarfi Upper Slaughter na gaba kamar mil ɗaya. A Ingila doka ta ba kowa damar bin hanyar ƙafa ko da ta ratsa gonar wani ce, ki bi alamar kibiya ruwan ɗorawa, ƙofar da kuka samu a rufe ku rufe ta, kuma in kun ga shanu da 'yan maruƙa ku ba su tazara. Keken tura yaro zai wahalar da ke a ƙofofin nan, gara ki goya shi kawai.

Rana ta uku a hanyar komawa ku tsaya Stow ku zaga dandalin kasuwar da a da ake sayar da tumaki dubbai, in ta faɗo Talata kuwa Moreton na cin kasuwa a kan babban titinta. Na san Bibury na cikin jerinki don hoton Arlington Row ne ya fi yawo, gidajen da aka gina wajajen 1380 don ajiye ulu daga baya aka mayar da su gidan masaƙa. Yana da kyau, amma ba tare da mota ba zai cinye miki yini, ki bar shi sai wani zuwan. In kuma kin je ki tuna akwai mutane suna zaune a ciki, ban da leƙa taga.

Abinci kuma, naman halal yana da wuyar samu a ƙauyukan, sai manyan garuruwa irin su Oxford da Gloucester, masallatai ma a can suke da Cheltenham. Don haka ki kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal, ki taho da namanki da miyarki a kula daga Landan, burodi da madara da ƙwai kya samu a can, in kun fita kuma akwai kifi da soyayyen dankali, ki dai tambaya ko sun sa giya a ƙullun da kuma irin man da suke suya da shi. Ki kula da Lahadi, manyan kantuna awa shida kawai doka ta yarda su buɗe, yawanci 4 na yamma sun rufe, mu mun taɓa isa bayan an rufe da yara masu jin yunwa kuma ban so hakan ta same ki. Sallah ku yi a masauki ko ku tafi da darduma, ki duba lokuta a waya don a watan Yuni magariba tana wuce 9 na dare, a Disamba kuwa kafin 4 rana ta faɗi. Rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa dole ne ko da sama ta yi garau da safe. In za ku iya kauce wa hutun makarantu na ƙarshen Mayu da na Agusta masauki zai fi sauƙin kuɗi.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ɗalibi ne a Birmingham, wata takwas da zuwana, mu huɗu muke so mu yi hayar mota mu je yankin nan yini biyu. Lasisina na gida zai yi?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Zai yi, an yarda ka tuƙa da cikakken lasisin ƙasar waje har wata 12 daga ranar da ka fara zama a Birtaniya, ka ga saura maka huɗu. Kamfanonin haya da yawa suna ƙara kuɗi in ba ka kai shekara 25 ba, ka tambaya tun kafin ka biya, kuma ka ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin ka tayar. Abin da ya fi damuna shi ne hanyoyin ƙauyen, wasu faɗin mota ɗaya ne tak, shinge ko katangar dutse dama da hagu ba ka ganin abin da ke bayan kwana, allo yana nuna an yarda da mil 60 a awa amma dan Allah kar ka kusanci hakan, tarakta ko mai doki na iya ɓullowa. In kun yi kiciɓis da wata mota wanda ya fi kusa da ɗan wurin raɓewa shi yake ja baya, ɗayan ya ɗaga masa hannu. Daga wajenku arewacin yankin ya fi kusa, kamar awa ɗaya, ku sauka Chipping Campden inda hanyar ƙafa ta Cotswold Way mai mil 102 take farawa ta nufi Bath, ku hau Broadway Tower da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 a kan tudu mai tsawon mita 312, sannan ku sauke taswira a waya tun daga gida don sabis yana ɗaukewa a cikin kwarurrukan.