Cocin Alexanderwohl: Ƙauyen da Ya Yi Ƙaura Sau Biyu

Tambaya: Malam, na ji labarin wani cocin 'yan Mennonite a wani ƙauye na jihar Kansas ta Amurka, wai daga Rasha aka taso da shi. Yaya coci ke ƙaura?

Amsa: 'Yar'uwa, cocin Alexanderwohl kike nufi, kusa da garin Goessel. Jama'ar ce ta tashi gaba ɗaya, da shugabanta da littafin rajistar haihuwa da aure, ginin kuma aka bar shi a baya.

'Yan Mennonite sun samo suna daga Menno Simons, limamin Katolika ɗan Holan da ya bar cocinsa a 1536. Ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa, kuma ba sa ɗaukar makami. Wannan na biyun shi ne silar duk yawonsu.

Kakannin waɗannan mutane sun daɗe a Przechowka, a bakin kogin Vistula, cikin ƙasar Poland ta yau. Da sarakunan Firusiya, daular Jamusawa da ke mulkin yankin a lokacin, suka matsa, aka taƙaita musu sayen gonaki saboda ba sa aikin soja. Manomi mai 'ya'ya da yawa kuma babu fili, ina zai sa kansa? A 1820 zuwa 1821 suka nufi Molotschna a kudancin Rasha, Yukren ta yanzu, inda aka yi musu alkawarin ba za a sa su soja ba. Labarin da suka gada ya ce sun haɗu da Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya a hanya, ya yi musu fatan alheri. Da Jamusanci "wohl" na nufin lafiya da alheri, sai suka haɗa shi da sunan sarkin, suka raɗa wa sabon ƙauyensu suna Alexanderwohl.

Alkawarin bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. Da dokar aikin soja ta dole ta zo a 1874, shugabansu Jacob Buller ya ja yawancin ƙauyen zuwa Amurka. Kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya sayar musu da fili, ya gina musu dogayen rumfunan katako guda biyu, iyalai da dama suka cunkushe ciki suka ci sanyin farko. Sai a 1886 suka gina cocin da ake ibada a cikinsa har yau.

Za ki kuma ji ana cewa su suka kawo alkamar Turkey Red cikin akwatunansu. Ni dai ina ɗaukar zancen da taka-tsantsan: ɗan irin da ke cikin akwati ba zai cika gonakin jiha ba. Mai injin niƙa Bernhard Warkentin ne ya shigo da irin da yawa daga baya.