Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan dawowar Farrell da tikitin kakar Saracens

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare: wai tunda ƙungiyarmu ta zari-ruga, Saracens, mun ƙare kakar 2024/25 ta gasar Ingila a na shida cikin ƙungiyoyi 10, ko wasan kusa da na ƙarshe ba mu sansana ba, ga shi kuma an dawo mana da Owen Farrell daga Faransa yana shekara 33, shin ya sabunta tikitinsa na kaka ko ya bar kuɗinsa a aljihu? Kuma shin lokaci bai yi ba da babban kocinmu Mark McCall zai ba wani wuri? Na ga wasu sun ba ka amsa da layi ɗaya ɗaya. Ni dai ka yi haƙuri da ni, tawa za ta yi tsawo, domin irin wannan ɗacin da ke cikin maganarka na sha shi, kuma nawa ya fi naka kauri.

Ka ce zuciyarka ta mutu tun ranar da Bath suka yi mana 68 da 10 a ƙarshen Disambar 2024. Na yarda ranar ba daɗi. Amma kai ƙwallo kawai aka ci ka. Mu a Nuwamban 2019 suna aka ɓata mana. Saboda keta dokar iyakar albashi, maki 35 aka zaftare, aka ci tarar fam miliyan 5.36, kafin mu gama jimami Janairun 2020 ya zo aka ce mu tattara mu koma ajin 'yan dagaji. Ku da kuka daɗe a nan kun san zancen, ba sai na maimaita yadda Nigel Wray, mai kulob ɗin a lokacin, ya shiga harkar kasuwanci da manyan 'yan wasa ba. Laifi an yi shi, ban taɓa musun haka ba. Abin da har gobe yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da mu magoya baya kamar mu muka sa hannu a takardun.

Akwai wani mutum da muke aikin dare tare a lokacin, ɗan yankin Devon ne, Exeter yake bi kamar addini. Na san abin da ke cinsa, sau uku muna doke su a wasan ƙarshe, 2016 da 2018 da 2019, na ƙarshen ma 37 da 34 bayan sun ɗauka sun gama da mu. To da hukuncin nan ya fito sai ya samu abin yi. Kullum in na zo sai in tarar ya manna teburin gasar a jikin lokata, ya zagaye sunanmu da jan biro. Na yi dariya da farko, ai wasa ne, mu ma mun yi wa wasu. Sai abin ya wuce nan. Ya daina kiran sunana, in zai yi mini magana a gaban mutane sai ya ce ku tambayi ɓarawon can. Ko canjin fam biyu ya ɓata a ɗakin shan shayi sai ya waiwayo ya dube ni, a yi ta ƙyaƙyata dariya. Ni baƙo a ƙasar mutane, baƙin mutum, ana jifana da kalmar sata a wurin neman abincina, wai duk da sunan zari-ruga. Na haɗiye.

Wanda ban haɗiye ba shi ne na yarona. Ƙaddara ta sa ɗansa da nawa suna atisaye a ƙaramin kulob ɗaya na yara ranar Lahadi da safe. Yarona lokacin yana firamare, ya sa rigarsa mai lamba 4 saboda ɗan wasanmu Maro Itoje, rigar da ko wanki ba ya so a kai ta. Mutumin nan, babba da shi, da furfura a gemu, ya durƙusa a gaban yaron ya ja wuyan rigar ya ce masa ya je ya cire, ba a shigowa filin nan da kayan 'yan maguɗi. Iyaye suna tsaye, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi murmushi. Yaron bai yi kuka a wurin ba, sai da muka shiga mota. Ya tambaye ni wai Baba da gaske Maro ɓarawo ne? Wallahi har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗaure. Na fita daga motar da niyyar komawa wurinsa, uwar yaran ce ta riƙe mini hannu tana ta innalillahi. Bai taɓa ba da haƙuri ba. Da Exeter suka ɗauki kofuna biyu a 2020 har kek ya kawo wurin aiki, ya yanka ya ba kowa ya tsallake ni. Mun rabu tuni, na canja wurin aiki, amma a watan Afrilun 2025 da Gloucester suka zazzaga wa Exeter 79 da 17, suka kuma ƙare kakar a na tara, Allah ya gani na nemi lambarsa a wayata. Ashe na goge. Allah ya yafe mini, shi ma ya shirye shi.

Na kawo wannan ne don ka gane cewa a shekarar da ta fi kowace muni ban ajiye tikitina ba. Kuma abin da na gani a wannan shekarar shi ya sa ba na cikin masu cewa McCall ya tafi. Ka dubi yadda aka watse mana. Will Skelton ya tafi La Rochelle ya je ya ɗauki kofin Turai sau biyu, 2022 da 2023. George Kruis ya wuce Japan. Liam Williams ya koma Scarlets. Ben Spencer ya tafi Bath, kuma shi ne ya ɗaga kofin gasar Ingila a Twickenham a watan Yunin 2025 a matsayin kyaftin, wannan kam ya yi mini ciwo, yaronmu ne. Ben Earl da Max Malins aka ba da aronsu ga Bristol, Nick Isiekwe aka tura shi Northampton. Duk da haka a Satumban 2020 muka je Dublin, Farrell yana zaman hukuncin jan kati, Alex Goode ya riƙe lamba 10, muka fitar da Leinster daga kofin Turai 25 da 17. Wata shida bayan nan Cornish Pirates suka yi mana 25 da 17 ɗin a wasanmu na farko a ƙasa, duniya ta yi ta shewa. McCall bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa a jarida ba. Ya dawo da mu sama a 2021, ya kai mu wasan ƙarshe a 2022 inda Freddie Burns na Leicester ya soke mu da bugun nan na minti na ƙarshe, 15 da 12, sannan a 2023 muka karɓe kofin a hannun Sale 35 da 25. Kofin gida 6, na Turai 3, duk a hannunsa tun 2011. Wa za ka kawo? Ka faɗa mini suna ɗaya.

Ba wai ba ni da ƙorafi a kansa ba. Wasan Toulon na watan Afrilun 2025 har yanzu ban huce ba. Zagayen 'yan 16 na kofin Turai, ka bar Itoje da Jamie George da Earl da Tom Willis da Elliot Daly a gida wai a huta a fuskanci gasar gida. Yaran da aka tura suka yi abin mamaki a rabin farko har suna gaba, daga baya numfashi ya ƙare aka tashi 72 da 42. To gasar gidan da aka yi tanadi dominta ina take? Ba tsuntsu ba tarko. Na san akwai dokar hutun 'yan wasan Ingila bayan gasar ƙasashe shida, dole kowa ya huta a ɗaya daga cikin wasannin da ke biye, amma zaɓin wanne za a sadaukar nasa ne. Mutanen da suka biya jirgi da masauki suka tafi kudancin Faransa fa? Wannan in ka zage shi a kai ba zan hana ka ba.

Maganar Farrell kuwa, ƙanena, kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Shekararsa a Racing 92 ta Faransa ba ta yi kyau ba, rauni ya cinye rabinta, koci Stuart Lancaster da ya kai shi aka sallame shi a tsakiyar kaka. A Satumban 2025 yake cika 34. Wanda ke tsammanin Farrell na 2016 da ya buga mana dukkan maki 21 a wasan ƙarshe na kofin Turai a Lyon, ya sake lissafi. Abin da zai kawo shi ne baki da tsawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da layi a filinmu na StoneX da ke Hendon ya san muryarsa ce kake ji tun daga farko har a tashi, yana jan kunnen kowa, babba da yaro. A kakar 2024/25 wannan muryar ce babu. Da an ci mu sau biyu a jere sai ka ga kawuna sun sunkuya, ba mai tara mutane a ƙarƙashin sanduna ya ce ya isa. Ba don komai mahaifinsa, kocin Lions, haɗaɗɗiyar tawagar Birtaniya da Ireland, ya kira shi cikin tawagar a 2025 ba da Daly ya karye a hannu a Ostareliya, duk da surutun da aka yi ta yi cewa son kai ne.

Ni tsorona ɗaya, kada dawowarsa ta kashe Fergus Burke. An ɗauko yaron nan daga Crusaders ta New Zealand aka ce ya gaji Farrell a lamba 10, mutumin da ya fi shekara goma yana riƙe da ƙungiyar, a kakar da Mako da Billy Vunipola su ma suka tafi, ɗaya Vannes ɗaya Montpellier. Wasu a nan sun yi ta yi masa ruwan zagi kamar shi kaɗai ne a fili. Lamba 10 ba ya wasa in 'yan gaba suna ja da baya. Ku koma ku kalli wasannin da muka sha kashi, ku ga sau nawa aka ture mu a sikiram, wato turereniyar 'yan gaba, sau nawa aka busa mana laifi a nan. Matsalarmu a layin gaba take da kuma benci, ba a ƙafar Burke ba. Da ni ne McCall, Burke zai ci gaba da 10, Farrell ya tsaya a 12 kamar yadda ya daɗe yana yi wa George Ford a Ingila, in wasa ya yi tsauri a minti 20 na ƙarshe su yi musanya. Kwantiragin shekara biyu ne kawai aka ba Farrell. In aka zaunar da yaron har ya gaji ya tafi, 2027 za ta zo mu koma neman lamba 10 daga farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu cewa a fita kasuwa a sayo manya kuma, da wane kuɗin? Iyakar albashin da aka rage zuwa fam miliyan 5 bayan korona an mayar da ita miliyan 6.4 a 2024, ɗan wasa ɗaya tak ake yarda ka cire daga lissafi maimakon biyu na da. Kuma mu ne ƙungiya ta ƙarshe a Ingila da za ta kuskura ta taka layin nan, ido na kanmu. Faransa suna da kuɗin talabijin da ba mu da shi. Ku tuna Wasps da Worcester sun rushe a 2022, London Irish ta bi su a 2023. Ina da aboki mai goyon bayan London Irish, yanzu ranar Asabar ba shi da inda zai je, sai dai ya biyo ni yana kallon Juan Martín González da Lucio Cinti, yaransu na da, cikin rigarmu. Shi ko na shidan nema yake.

Af, wani ya tambaya a ƙasa ko kujerun bayan sanduna sun fi. A'a. In da yara za ka je ka nemi gefe, kuma ka sa musu kaya masu nauyi, iskar Hendon a watan Janairu ba ta da mutunci. Ka yi sallarka kafin ka fito ko ka tafi da ƙaramar darduma, lokacin sanyi la'asar da magariba duk a cikin wasa suke faɗowa.

Game da kuɗin, ban san aljihunka ba. In sabuntawar za ta taɓa haya ko abin da kake aikawa gida, bar shi, ba wanda zai ce ka yi butulci, ka zaɓi wasanni uku ko huɗu ka saya ɗaiɗai, na Bath da na Northampton da na Harlequins. Amma in fushi ne kawai ya sa kake son ajiyewa, ka ba shi mako biyu tukuna. Goode ya yi ritaya bayan wasa fiye da 400, wannan giɓin zai dame mu fiye da yadda ake zato, na yarda. Sai dai Itoje yana nan, ya dawo daga Ostareliya a matsayin kyaftin ɗin Lions da ya ci jerin wasannin 2 da 1, ɗan gidan 'yan Najeriya da ya taso a makarantar kulob ɗin nan. Earl da Willis da González a layin baya na sikiram, a 2025 ban ga ƙungiyar da ta fi mu a wannan layin ba. Theo Dan yana tasowa. Ni na riga na sabunta nawa da na yaron. In ka yanke shawarar zuwa wasan farko na gida ka yi mini magana ta akwatin sirri, akwai wuri ɗaya a motata daga Wembley, sai dai ina tashi da wuri saboda wurin ajiye mota.