Me ya sa hasken fitilar ɗan sojana ya fito kamar fenti ne ya zube masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina fentin ƙananan sojojin roba na wasan yaƙin kan tebur, irin na Warhammer. Akwai wani mai gadi da ke riƙe da fitila, na so a ga haskenta yana dukan fuskarsa da sulkensa. Na shafa ruwan goro a duk wuraren da ke kusa da fitilar, amma da ya bushe sai ya fito kamar fenti ne ya zube masa. Launin ne ban dace da shi ba, ko kuwa sai da na'urar feshi ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Launinka ba shi da laifi, kuma buroshi ya ishe ka. Daga bayaninka ina kyautata zaton ka gama fentin mai gadin tsaf, kamar yana tsaye a tsakar rana, sannan ka ɗora masa hasken fitila. A nan matsalar take, domin fitilar da aka kunna da rana ba ta haska komai. Fenti ba ya fitar da haske. Iyakar abin da ke hannunka fari ne, ido kuwa ba zai yarda farin nan wuta ce mai ci ba sai ya ga duhu kewaye da shi. Wannan dabara ta zana hasken da ke fitowa daga wani abu a jikin sojan, wadda masu harkar ke kira OSL, mafi yawan aikinta duhuntawa ne. Masu zanen Turai sun daɗe da gane haka. Nemi hotunan zanen Georges de La Tour, Bafaranshen ƙarni na 17, ka ga yadda kyandir ɗaya ke haska fuska da yatsu, sauran zanen duk ya nutse cikin duhu.

Saboda haka ka koma baya. Rage hasken sojan gaba ɗaya, tun daga kwalkwali har takalmi, kamar a cikin dare yake. Ɓangaren da bai fuskanci fitila ba, kada mafi haskensa ya wuce matsakaici, inuwarsa kuma ka surka ta da ɗan shuɗi ko shunayya maimakon baƙi zalla. Shuɗi kishiyar ruwan goro ne, idan suka zauna kusa da juna sai wutar ta ƙara ɗumi a ido. Na san mutum na jin ciwon dusashe aikin da ya sha wahalarsa, amma in ba ka yi ba, sauran abin da zan faɗa ba zai yi tasiri ba.

Fitilar kanta ita ce za ta fi komai haske a jikin sojan. Ka fara yi mata shimfiɗar fari, sannan ruwan ɗorawa, ka bar tsakiyarta kusan fara. Harshen wuta kuma a juye ake fentinsa: hasken yana gindi da ciki, bakin harshen ne yake ja-ja-ja da duhu. Da zarar wani wuri a ƙirji ko kafaɗa ya fi fitilar haske, ido ya daina yarda.

Sai maganar inda hasken zai sauka, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Ka ce ka shafa launi a wuraren da ke kusa da fitilar, amma kusanci kaɗai bai isa ba. Haske a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Bayan yatsan da ke riƙe da mariƙi yana dab da wutar, duk da haka a inuwa yake. Idan fitilar tana ƙasa da fuska, ƙarƙashin haɓa, ƙasan hanci da cikin bakin kwalkwali su za su haskaka, saman goshi da saman kafaɗu su yi duhu, wato akasin abin da hannunka ya saba. Kawo idonka saitin fitilar ka dubi jikin sojan daga can. Abin da ka hango shi zai samu haske, abin da ya ɓoye maka a bar shi. In kana son tabbaci, kashe wutar ɗaki, ka riƙe ƙaramar tocila daidai wurin fitilar, ka ɗauki hoto da waya ka ajiye a gabanka lokacin aiki.

Hasken kuma yana mutuwa da sauri. Idan nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. A jikin soja mai tsawon milimita 28 ko 32, wannan na nufin hannu da gefen ƙirji za su sha ruwan ɗorawa, fuska ruwan goro, kafaɗar da ke nesa kuwa ɗan ja mai duhu a gefenta kawai. Launi ɗaya da kauri ɗaya ko'ina shi ne ainihin abin da ke ba da kamar zubewar fenti.

Wajen shafawa, fara haskaka wuraren da launinsu na asali, ka kai su kusan fari a inda suka fi kusa da wuta. Daga nan ka tsinka ruwan goron sosai da ruwa ko da Lahmian Medium, wani ruwan tsinka fenti marar launi, ka goge buroshin a takarda har ya kusa bushewa, ka ja shi daga nesa zuwa wajen fitilar, domin inda ka ɗaga buroshi nan launi ya fi taruwa. Bari kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Fentin akirilik da aka tsinka ba ya jimawa wajen bushewa. Lura kuma da abin da hasken ke sauka a kai. Ƙarfen sulke yana mayar da shi a siririn layi mai kaifi a gefe, tufafi kuwa yana shanye shi ya baje a hankali. Koren mayafi a ƙarƙashin jar wuta ba ya komawa ja, ruwan ƙasa mai duhu yake zama.

Kada ka manta da ƙasar da yake tsaye a kai. Ɗan da'irar haske a ƙarƙashin fitilar, da inuwar ƙafafu da ta miƙe ta gudu daga wutar, suna gamsar da ido fiye da awa guda na gyaran fuska.

Ni dai ba na ba da shawarar a yi wa runduna guda wannan aiki. A kan tebur daga nesa ake kallon sojoji, kuma duhun da dabarar ke buƙata yana haɗiye su. Ka keɓe ta ga shugaban runduna ko irin mai gadin nan naka, sauran kuma ɗan haske a ido ko a bakin bindiga ya wadatar. Idan ka gama, mayar da hoton sojan baƙi da fari a waya: in fitilar ce ta fi komai fari, hasken kuma yana raguwa daga gare ta, to ka rufe aikin da feshin kariya marar sheƙi, don kada ƙyallin fitilar ɗakinka ya riƙa gogayya da wanda ka zana.